Wai gwaji likitoci ke yi da Yayarmu?

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Jega: "Likita, Yayata ce, shekarunta 43, 'ya'yanta shida. An ɗebi nama a nononta na hagu an kai gwaji, aka ce sankara ce. Mun zaci aiki za a yi a cire, sai likita ya ce sai an fara yi mata ƙarin ruwan kemo sau takwas tukuna. An yi biyu, gashinta ya zube, abinci ba ya shiga. Kawunmu ya ce gwaji kawai suke yi da ita, maganin Turawa ne da ba a san ko yana yi wa baƙar fata aiki ba, kuma daji ba ya son ƙarfe ba ya son allura. Ga maƙwabciyarmu mai irin ciwon, an yi mata aiki, ƙwaya ɗaya take sha kullum. Inna ta ce a dakata a gwada na gida. Mi ag gaskiya? Kuma idan aka ce mu sa hannu a takardar bincike, mu sa?"

Amsa: Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da wannan ɗawainiya. Kafin dogon bayani, ga abin da ba ya jira: ranar da aka rubuta mata a kati don ruwa na uku, ku kai ta, ko da ba ku gama shawo kan Inna da Kawu ba. Ban duba Yaya ba, ban ga takardunta ba, don haka likitan da ke riƙe da fayil ɗinta ya fi ni sanin halin da take ciki. Amma tsarin da kika zayyana tsari ne sananne, haka ake yi a Zariya, haka ake yi a Alƙahira, haka ake yi a Landan.

Ban raina maganar Kawu ba. Duk wanda ya manyanta a Arewa ya ji abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa da yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne, kamfanin kuma ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har 2009, aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Sai dai maganin da ake ɗura wa Yaya an daɗe da gama gwada shi. Idan jan ruwan nan ne da ke sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu, sunansa doxorubicin, kuma tun shekarun 1970 ake amfani da shi, tun Yaya ba ta zo duniya ba.

Yadda aka san yana aiki, manomin shinkafa zai fi kowa saurin ganewa. A ce an kawo sabon iri ana ta yabonsa. Idan mutum ya shuka sabon a fadama, tsohon kuma a jigawa, ya zo ya ƙirga buhu da kaka, ƙasa ya gwada, bai gwada iri ba. Sai ya raba gona ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya, kuma kada ya bar son ransa ya zaɓi wane fangali zai samu wane iri, ƙuri'a zai jefa. Haka ake yi da magani. A tara mata masu ciwo iri ɗaya, waɗanda suka amince da bakinsu, ƙuri'ar kwamfuta ta raba su gida biyu, waɗannan a ba su abin da aka saba, waɗancan a ba su sabon, sannan a bi su shekara biyar, goma, ashirin, ana ƙirga wa ciwon ya dawo mata, wa ke raye. Ƙirgar ce ke yanke hukunci, komai furfurar farfesa.

Kuma ta sha kunyata manya. A 1894 wani likitan fiɗa a Amurka, William Halsted, ya wallafa hanyarsa ta cire nono gaba ɗaya, da naman ƙirjin da ke ƙarƙashinsa, da kaluluwar hammata. Tunaninsa shi ne, gwargwadon faɗin yanka gwargwadon warkewa. Sama da shekara 70 likitocin duniya na bin wannan, mata na tashi da ramin ƙirji da kumburarren hannu, kusan ba wanda ya auna ko wahalar na da riba. Sai Umberto Veronesi a Milan ta Italiya ya fara bincike a 1973 da mata 701, Bernard Fisher a Amurka kuma ya fara nasa a 1976 da mata sama da 1,800. Wasu aka cire musu nono duka, wasu aka cire ƙullutun kaɗai aka bi da gashi, wato haska wurin da na'urar da ke ƙona ragowar ciwon. Bayan shekara 20, a 2002, aka fitar da lissafi: yawan waɗanda suka rayu ɗaya ne. A binciken Fisher, cikin waɗanda aka cire wa ƙullutu kaɗai, ciwon ya dawo a nonon ga kashi 14 cikin 100 na waɗanda aka yi wa gashi, da kashi 39 na waɗanda ba a yi wa ba.

Kada ki ɗauki wannan ki je ki ce lallai a bar wa Yaya nononta. Matan da ke cikin waɗancan binciken ƙullutunsu ƙanana ne, na Fisher bai wuce santimita 4 ba, kuma na'urar gashi na kusa da su. Mu nan yawanci ana zuwa mana da ƙullutu ya kai lemo ko ya fi, ga shi gashin sai an je Sakkwato ko Zariya ko Abuja. Macen da ba ta da tabbacin samun gashi, cire nono duka ya fi mata aminci, kuma nakan faɗa wa mata haka ba tare da kwana-kwana ba.

Fara kemo kafin aiki ma daga ƙungiyar Fisher aka samu hujjarsa. Sun fara bincike a 1988 da mata 1,523, rabi kemo kafin aiki, rabi bayan aiki, aka ga rayuwa ɗaya ce. To mene ne ribar farawa da shi? Idan ƙullutu ya yi girma, ko ya manne da ƙirji, ko fata ta fara zama kamar ɓawon lemo, ko kaluluwa ta cika hammata, wuƙa ba za ta iya zagaye shi ta fita da shi tsaf ba. Kemo ne ke rage shi har aikin ya yiwu. Riba ta biyu, likita na gani da idonsa ko maganin na ci. Shi ya sa kowane zuwa ake auna ƙullutun a rubuta.

A nan ne kuma ramin da na fi tsoro yake. Akwai wata baiwar Allah da na taɓa kula da ita, daga wani ƙauye a bakin gulbi. Ta zo da ƙullutu mai santimita 8. Bayan ruwa na uku, ni kaina sai da na lalubo shi da ƙyar. Ta yi ta murna, ta kawo mana busasshen kifi a leda. Ruwa na huɗu ba ta zo ba. Muka kira lambar da ke fayil, maigidanta ya ce ai ta warke, kuɗin kuma an sa a noman rani. Wata bakwai bayan nan aka shigo da ita, ta naɗe ƙirji da tsohon zani, kafin a kwance warin ya riga ya cika ɗakin. Nonon ya fashe, ga tabon sakiya guda uku a gefensa, tana tari, numfashi na yi mata wuya. Hoton ƙirji ya nuna ciwon ya kai huhu. Ƙullutun da hannu ya daina ji bai mutu ba. Ragowar da kemo uku bai kashe ba ita ce mafi taurin kai, kuma idan aka ba ta hutu, ita ke yaɗuwa.

Irin wannan ne ya haifi maganar cewa daji ba ya son ƙarfe. Mace ta ɓoye ciwo shekara guda ko biyu, a yi shafe-shafe, a yi ƙaho, a yi sakiya, sai abu ya gagara a kawo asibiti. A yi abin da za a iya, bayan wata uku ta rasu, sai a ce wuƙar ce. Waɗanda aka yi wa aiki da wuri suka warke kuwa, suna nan cikin gari sun yafa mayafi suna zuwa biki, ba mai sanin an taɓa yi musu komai, domin ba su faɗa. Unguwa na ganin gawa, ba ta ganin mai rai. Allurar ɗibar nama ba ta watsa sankarar mama, kuma in ba da ita ba, ba a sanin irin ciwon da ake yaƙa.

Wannan ya kawo mu ga maƙwabciyarku. Sankarar mama suna ɗaya ne a kan cututtuka daban-daban. Naman da aka ɗiba ana yi masa gwaji uku, a takarda za ki ga an rubuta ER, PR da HER2. Biyun farko na nuna ko ciwon na rayuwa ne da sinadaran jikin mace, musamman isturojin. Idan haka ne, ƙwayar tamoxifen na toshe masa wannan abinci, kuma ina kyautata zaton ita maƙwabciyarku ke sha. Masu bincike a Jami'ar Oxford sun tattara sakamakon gwaje-gwajen duniya, a 2011 suka nuna cewa shan ta shekara 5 na rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsawon shekara 15. Ga arha, ga sauƙi. Amma macen da gwajinta ya nuna babu ER, ko buhu ta sha ba abin da zai yi mata. Na sha ganin an saye ta a kemis an ba mara lafiya don wata ta sha ta ji daɗi. Kada ku karɓi ko ɗaya daga maƙwabciya. Mai shan ta kuma kada ta ɗauki ciki a kanta, kuma duk jinin da ya zo ba a kan ƙa'ida ba ta sanar da likita.

Wata 'yar magana a gefe, wadda ba ƙarama ba ce. Ingancin waɗannan gwaje-gwaje ya dogara ne da yadda aka riƙe naman. Ana so ya shiga ruwan fomalin, mai hana nama lalacewa, cikin awa guda da cire shi. Idan ya kwana a leda, ko aka zuba shi a ruwa kawai, ko ya yi kwanaki a aljihun ɗan rakiya kafin ya kai ɗakin gwaji, sakamako zai iya cewa babu ER alhali akwai, a hana mace ƙwayar da za ta cece ta. Kuma ranar aiki, idan dangi na son a ba su abin da aka cire su binne, ba laifi, amma sai bayan masu gwaji sun gama da shi. Na ga gidan da aka binne ƙullutu ba a gwada ba, aka dawo bayan shekara ba mu san da me muke faɗa ba.

HER2 kuma, wani sinadari ne da ke sa ciwon saurin girma, kusan mace ɗaya cikin biyar ko shida masu sankarar mama ke da shi. Da can yana cikin mafi saurin kisa. A 2005 manyan bincike suka nuna cewa ƙara allurar trastuzumab a kan kemo na rage dawowar ciwon da kusan rabi. Matsalarta tsada, kuma ƙa'ida shekara guda ake yi. Wani bincike a Ingila mai suna PERSEPHONE, da mata sama da 4,000, ya kwatanta wata 6 da wata 12, a 2019 ya nuna cewa bayan shekara 4, kashi 89.4 na masu wata 6 ba ciwo, na masu wata 12 kuma kashi 89.8. Makamancinsa a Faransa bai ba da hukunci ƙarara haka ba, shi ya sa har yanzu shekara guda ce ma'auni. A ganina, gidan da ba zai iya shekara ba, ya zauna da likita tun farko a tsara wata 6 a cika su, ya fi a fara da niyyar 12 a tsaya a na uku. Ana kuma duba zuciya kafin a fara da lokacin da ake yi.

Ki ce wa Kawu mu ma likitoci ƙirgar nan ba ta bar mu ba. A shekarun 1990 aka yi yayin ba mata kemo mai tsananin yawa sannan a yi musu dashen ɓargo, dubban mata a Amurka suka sha wannan azaba. Babbar hujjar masu yin haka ta fito ne daga wani likita a Johannesburg, Werner Bezwoda. Da aka je aka binciki takardunsa a 2000, sai aka tarar alƙaluman ƙarya ne, sauran binciken gaskiya kuma suka nuna ba riba. Aka daina. Haka a sankarar bakin mahaifa, kowa ya ɗauka aikin da ake yi ta 'yan ƙananan huda da kyamara ya fi na buɗe ciki, tun da ba jini sosai kuma ana saurin tashi. Binciken LACC, da mata 631, ya fito a 2018: bayan shekara huɗu da rabi, kashi 96.5 na waɗanda aka buɗe wa ciki ba ciwo, na masu huda kuwa kashi 86. Manyan asibitocin duniya suka koma wa tsohuwar hanya.

Tun da na taɓo bakin mahaifa, ba ki tambaya ba amma gidanku gidan mata ne. A ƙiyasin 2020, mata kimanin 12,000 suka kamu da ita a Najeriya, kimanin 8,000 suka rasu, alhali ita ce sankarar da aka fi sanin hanyar tare ta. Ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta. A Kenya aka gwada rigakafin allura ɗaya tak a kan 'yan mata sama da 2,000, aka samu kariyar kashi 97.5 daga nau'o'in ƙwayar guda biyu mafi haɗari, kuma irin wannan hujja ce ta sa a Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allura ɗaya kyauta. Ga 'yan Afirka nan an gwada a kansu, an ga amfani. A Osmanabad ta Indiya kuma, cikin matan ƙauye sama da 130,000, gwajin HPV sau ɗaya a rayuwa ya rage mutuwa da kusan rabi. Nan Kebbi an yi sa'a maganar ba baƙuwa ba ce, Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu da gidauniyarta ta Medicaid sun daɗe suna wayar da kai a kanta. Duk macen da ke ganin jini bayan saduwa, ko jini bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin maganin sanyi, a duba bakin mahaifarta da ido, a daina rubuta mata maganin sanyi karo na biyar.

Wadda ta riga ta kamu kuma ciwon ya wuce na aiki, maganinta gashi ne haɗe da ruwan kemo mai suna cisplatin kowane mako. An tabbatar da wannan a 1999 da bincike biyar da suka zo da amsa ɗaya. Dole a haɗa da gashin ciki, wanda ake sa na'urar dab da bakin mahaifa, kuma a gama duka cikin mako 8, domin kowane jinkiri bayan nan na rage damar warkewa. Binciken da ya fi faranta mini rai a 'yan shekarun nan shi ne INTERLACE, wanda aka wallafa a 2024, da mata 500 daga Birtaniya, Meziko, Indiya, Italiya da Brazil. Ba sabon magani a ciki. Tsofaffi biyu ne, carboplatin da paclitaxel, aka ba mata mako 6 sannan aka shiga gashi nan take. Bayan shekara 5, kashi 80 na raye, waɗanda aka yi wa yadda aka saba kuma kashi 72. Amma sharaɗinsa shi ne gashin ya biyo baya cikin 'yan kwanaki. Idan aka yi kemon aka zauna wata biyu ana jiran layi, ba INTERLACE aka yi ba.

Sai batun baƙar fata, inda Kawu ke da rabin gaskiya. Yawancin manyan binciken nan a Turai da Amurka aka yi su, 'yan Afirka kaɗan ne a ciki. Amma da aka zo aka bi matanmu, abin da aka gani ba wai magani ba ya kama jikinsu ba ne. Binciken ABC-DO ya bi mata masu sankarar mama a ƙasashe biyar, aka wallafa a 2020. Bayan shekara 3, kashi 90 na fararen matan Namibiya na raye, baƙaƙen matan Namibiya kashi 56, Uganda kashi 44, Najeriya kashi 36. Manyan dalilan da aka gano su ne zuwa a makare da rashin samun cikakken magani, har masu binciken suka ƙiyasta cewa gyara waɗannan biyu kaɗai zai hana kusan kashi ɗaya cikin uku na mace-macen. Asibitocin Najeriya da ke cikin binciken a Aba da Owerri suke. Ba macen Jega ko Argungu ko Zuru a lissafin, kuma wannan rashin namu ne.

Akwai kuma bambancin gado na gaske. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Chicago, tare da abokan aikinta na Ibadan, sun duba mata sama da 1,100 masu sankarar mama, suka tarar kashi 7 na ɗauke da tawayar gado mai ƙara haɗarin ciwon, mai suna BRCA1, kashi 4 kuma BRCA2, wanda ya fi abin da aka saba gani a Turawa. Wannan ya shafe ki kai tsaye. Yaya ta kamu tana 43. Ki zauna da Inna ki tambaye ta, a danginta da na Baba, wa ya taɓa yin ciwon nono, wace ce cikinta ya kumbura da ruwa ta rasu, domin sankarar gidan ƙwai na tafiya da wannan gadon. Abin da kika samo ki kai wa likita, ke ma a duba ki. Ita sankarar gidan ƙwai, an bi mata sama da 200,000 a Birtaniya da gwajin jini da hoto, a 2021 aka ga hakan bai rage mutuwa ba, don haka kada wani ya karɓi kuɗinki da sunan gwajin da zai tare ta.

Idan aka kawo muku takardar bincike, ku karanta, kada ku gudu kuma kada ku dangwala yatsa a makance. Yawancin abin da za ku haɗu da shi a asibitocinmu tambayoyi ne kawai, ko neman izinin amfani da sakamakon gwajin da aka riga aka yi, kuma ina roƙon ku amsa, da irinsa za a san halin matanmu. Gwajin magani na gaske ma ana yi a ƙasar nan, kamar ARETTA da aka yi a Ibadan da wasu asibitocin kudu a kan masu HER2. Tun 2007 Najeriya na da kundin ƙa'idar binciken lafiya, akwai kwamitin ɗa'a na ƙasa, kowane babban asibiti na da nasa, kuma gwajin magani sai da izinin NAFDAC. Haƙƙin Yaya ne a yi mata bayani da Hausa, a ba ta kwafin takardar ta tafi da ita gida ta yi shawara, a gaya mata wa zai biya idan maganin ya yi mata illa, da lambar wanda za ta kira. Tana iya ƙi, tana iya fita a tsakiya, kuma ba a rage mata kulawa saboda haka. Ba a hana mai sankara maganin da aka san yana aiki a ba ta ƙwayar wofi, sabon ana ɗora shi ne a kan wanda aka saba ko a kwatanta su. Shawara da maigida abu ne mai kyau, amma amincewar tata ce, ba mai sa mata hannu tana cikin hankalinta. Duk wanda ya ce ku sa hannu yanzu-yanzu, ko ya nemi kuɗi don ya shigar da ita bincike, ku tashi ku ba shi wuri.

Inna kuwa a bi ta a hankali, tsoro ne irin na uwa, ta ga ɗiyarta ba gashi. Gashin zai dawo bayan an gama. Ki gaya mata cewa paclitaxel, wanda mai yiwuwa yana cikin ruwa huɗun ƙarshe da za a yi wa Yaya, daga ɓawon wata bishiya aka fara samo shi, wani maganin sankarar kuma, vincristine, daga wani fure na Madagaska. Asibiti bai ƙi sassaƙe ba, ya dai ce a auna, a ƙirga. Masu bincike a Jami'ar Yale sun bi waɗanda suka bar maganin asibiti suka riƙe na gargajiya kaɗai, a 2018 suka nuna cewa a sankarar mama haɗarin mutuwarsu ya ninka fiye da sau biyar. Addu'a, sadaka, zamzam, tofi, duk a ci gaba, ba su karo da kemo. Jiƙo da tsimin da ba a san abin da ke ciki ba ne nake roƙo a ajiye, domin hanta da ƙoda su ke tace kemon, idan suka jigata dole a ɗage ruwa, ɗagewar kuma ita muke gudu.

Daga nan zuwa ranar asibiti, ku sayi ma'aunin zafin jiki. Mako na biyu bayan kowane ruwa garkuwar jiki na faɗuwa, idan zafi ya kai 38 ku tafi asibiti a daren, ku ce tana kan kemo, kada a tsaya shan maganin maleriya a gida. Amai da rashin ci suna da magani, ku faɗa wa likita ya sauya mata, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, kunu, fura da aka dama da tafasasshen ruwa, romo. Ku tara dangi yanzu a yi lissafin sauran ruwa shida da aiki da gashi gaba ɗaya, kada kowane zuwa ya zama sai an jira an sayar da albasa. Ku tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya game da asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya, wanda ya haɗa da ta mama da ta bakin mahaifa. Gashi kuma a fara neman layi tun kafin aiki. Da zama 25 ake yi cikin mako 5, binciken Birtaniya ya nuna zama 15 cikin mako 3 ya wadatar, wani na 2020 ma ya nuna zama 5 cikin mako guda ya isa ga wasu masu ƙaramin ciwo. Ga mai neman masauki a Sakkwato bambancin ba kaɗan ba ne, ku tambaya wanne ya dace da ita.

Ranar ruwa na uku ki riƙe takarda da biro. Ki tambayi matakin da ciwon yake, da abin da ER, PR da HER2 suka nuna, da watan da ake sa ran aiki. Sannan ki roƙi likita ya karanto awon ƙullutun na ranar farko, ya auna na yau a gabanku. Ku je da Inna, ta shiga ɗakin tare da Yaya ta sa hannunta ta ji, ita za ta kai wa Kawu labari.